Yadda ake shiga sabar ta gida daga nesa ba tare da an kashe makatsin VPN ba

Ka haɗa sabar a gida, tsohuwar kwamfuta ce ko Raspberry Pi, ka ɗora mata Linux, kana shigarta ta SSH, hanyar ba na'ura umarni daga nesa, daga duk inda kake. Ranar da ka saka mata VPN, wato bututun sirri da bayananta ke bi zuwa intanet, ka kunna abin nan da manhajoji ke rubutawa Kill Switch, shi ke nan, ƙofa ta rufe. Zan riƙa kiransa makatsi, domin aikinsa ke nan: duk bayanin da ya nemi fita ba ta bututun VPN ba, ya katse shi. Karon farko da abin ya same ni ina kan tafiya, na kunna VPN daga nesa, ina danna Enter tagar umarni ta daskare, ban sake taɓa fayilolina ba sai da na dawo gida na jona allo. Shawarar da aka fi ba mutum ita ce ya kashe makatsin. Ban yarda da ita ba, don abin da ya sa ka kunna shi yana nan bai gushe ba. Ƙofa ɗaya siririya za mu buɗe, sauran su zauna a rufe.

Abubuwan da za ka tanada

- Sabar mai Linux da kake da ikon sudo a kanta. Misalaina na Debian da Ubuntu ne, da manhajar VPN ta WireGuard da ake tayarwa da umarnin wg-quick. Na OpenVPN yana cikin mataki na 6.
- Kalmar sirrin shafin saitin rautar gidanka.
- Allo da kibod da za ka iya jona wa sabar ɗin. Yi aikin nan kana gida, a gaban na'urar.
- Waya mai data, don gwaji daga wajen intanet ɗin gida.
- Idan da hali, wata ƙaramar na'ura ta biyu wadda ba ta kan VPN kuma ba a kashe ta.
- Manhajar tcpdump ta leƙen saƙonnin sadarwa, sai iptables ko ufw na katangar tsaro.

Abin da ke faruwa a ciki

Makullai biyu ne, ba ɗaya ba, kuma nan ne yawanci ake ruɗewa. Na farko hanya ce. Saƙonka ya shigo ta rauta ya iso katin sadarwar sabar lafiya lau, amma da ta tashi ba da amsa sai ta duba teburin hanyoyinta, ta ga an ce komai ya bi bututun VPN. Amsar ta shiga bututu ta ɓace, kai kuma kana can kana jira. Na biyu katangar tsaro ce. Ko ka gyara hanya, amsar ta nufi rauta, makatsin zai tare ta don ba ta cikin bututu. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya ba zai ga wani canji ba, har ya ɗauka gyaran nasa ne bai yi ba, ya goge shi.

1. Rubuta lambobinka

    ip -br addr
    ip route

Abu uku kake nema: sunan katin sadarwa, adireshin sabar a cikin gida, da adireshin rauta. Zan yi amfani da eth0, da 192.168.1.10, da 192.168.1.1. Naka katin yana iya zama enp3s0 ko wlan0, sai ka musanya a ko'ina. Daga nan shiga rauta, sashen DHCP mai raba adireshi, ka keɓe wa sabar adireshinta don kada ya sauya. Duk dokokin da za mu rubuta a kan wannan lamba suke tsaye.

2. Ɗana agogon ceto

Kafin ka taɓa wata doka, hana VPN tashi da kansa, sannan ka sa na'urar ta sake kunna kanta bayan minti 20:

    sudo systemctl disable wg-quick@wg0
    sudo shutdown -r +20

Idan ka kulle kanka a waje, jira kawai za ka yi, sabar ta dawo babu VPN babu dokokin gwaji. Idan komai ya tafi daidai, soke shi da sudo shutdown -c. Ka sani cewa idan saura minti 5, tsarin yana daina karɓar sabon shiga daga duk wanda ba root ba, kada ka zaci dokarka ce ta lalace. Na fi son wannan a kan sa agogo ya sauke VPN kaɗai, saboda kuskure ɗaya a layin PreDown, umarnin da ke gudana kafin VPN ya sauka, yana iya sa wg-quick down ya tsaya a tsakiya, ya bar makatsin a kunne. Idan faifan sabar yana neman kalmar sirri lokacin tashi, wannan dabara ba za ta cece ka daga nesa ba, dole ka kasance kusa.

3. Ƙarfafa SSH tun ƙofa tana rufe

A kan kwamfutar da za ka riƙa shigowa da ita:

    ssh-keygen -t ed25519
    ssh-copy-id sunanka@192.168.1.10

Gwada ka tabbatar mabuɗin yana shigar da kai. Sai ka buɗe /etc/ssh/sshd_config a sabar ka sa PasswordAuthentication no da PermitRootLogin no, ka sake tayar da hidimar ssh. Leƙa cikin /etc/ssh/sshd_config.d/ ma, don wani fayil a can yana iya dawo da shiga da kalmar sirri ba ka sani ba. Kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka shiga da sabuwa.

4. Fara da cikin gida

Makatsin da aka fi amfani da shi da wg-quick layi ɗaya ne a fayil ɗin /etc/wireguard/wg0.conf:

    PostUp = iptables -I OUTPUT ! -o %i -m mark ! --mark $(wg show %i fwmark) -m addrtype ! --dst-type LOCAL -j REJECT

Ma'anarsa: abin da ba ta bututu zai fita ba, ba shi ɗauke da alamar WireGuard, kuma ba na'urar ke magana da kanta ba, a ƙi shi. Kalmar LOCAL tana yaudarar mutane da yawa. Ba na'urorin gidanka take nufi ba, sabar ɗin kanta kawai take nufi. Shi ya sa ko kwamfutar da ke ɗaki ɗaya da ita ba ta iya shiga. Hanyar cikin gida ba ta lalace ba, wg-quick yana barinta, katanga ce kaɗai matsalar. Ƙara wannan bayan VPN ya tashi:

    sudo iptables -I OUTPUT -o eth0 -d 192.168.1.0/24 -m conntrack --ctstate ESTABLISHED -j ACCEPT

Za ka ga wasu suna rubuta shi babu ESTABLISHED, su buɗe gidan gaba ɗaya. Illar hakan ita ce sabar za ta iya tambayar rauta sunayen shafuka ta ƙofa (port) ta 53, wato tambayar DNS, rauta kuma ta miƙa tambayar ga kamfanin intanet ɗinka, ya ga duk inda kake zuwa. Da ESTABLISHED, amsa kaɗai za ta iya bayarwa ga wanda ya fara yi mata magana. Idan tana buƙatar zuwa wata na'urar ajiya a gida da kanta, rubuta wa adireshin wannan na'urar doka tata daban.

Idan manhajar kamfanin VPN kake amfani da ita, kada ka yi kokawa da dokokinta da hannu, tana sake rubuta su duk lokacin da ta haɗu. Yi amfani da nata umarnin. A Mullvad, mullvad lan set allow. A NordVPN, nordvpn allowlist add subnet 192.168.1.0/24.

5. Duba ko gidanka yana da adireshi na fili

Buɗe shafin rauta ka duba adireshin WAN. Sai ka buɗe ifconfig.me a wata na'urar gida da ba ta kan VPN. Idan lambobin biyu ɗaya ne, kana da adireshi na fili. Idan sun bambanta, musamman idan na rauta yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, mai yiwuwa kamfanin intanet ɗinka ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. A nan tura ƙofa a rauta ba zai yi komai ba, tsallaka zuwa mataki na 7.

Adireshin fili na gida yakan sauya, don haka za ka buƙaci suna mai bin adireshin duk lokacin da ya sauya, daga masu hidimar DDNS irin su DuckDNS ko No-IP. Saita shi a kan rauta. Idan ka saka manhajar sabunta shi a kan sabar mai VPN, adireshin kamfanin VPN za ta riƙa aikawa, ka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba taka ba.

6. Buɗe ƙofar

Hanya biyu ce, kuma ta farko na fi so nesa ba kusa ba.

Ta farko: kada ka shigo wa sabar kai tsaye. Shigo ta na'ura ta biyu, ita ta miƙa ka. A rauta, tura ƙofa ta 2222 zuwa ƙofa ta 22 ta ƙaramar na'urar, bayan ka yi mata mataki na 3 ita ma. Daga waje:

    ssh -J sunanka@gidana.duckdns.org:2222 sunanka@192.168.1.10

A wurin sabar, baƙon nan daga cikin gida ya zo, dokar mataki na 4 ta wadatar. Ba ka taɓa teburin hanyoyi ba, makatsin bai san an yi wani abu ba. Idan shafin sarrafawa kake son buɗewa, misali wanda ke ƙofa ta 8080, ƙara -L 8080:localhost:8080 a umarnin, ka buɗe localhost:8080 a burauzarka.

Rautoci masu OpenWrt, da MikroTik masu RouterOS 7, da na GL.iNet suna iya zama sabar WireGuard da kansu, wannan ma ya yi. Sai dai a kula da abu ɗaya. Wayarka za ta sami adireshi irin 10.6.0.2, kuma idan rauta ba ta musanya shi da nata ba, sabar za ta ɗauke ka a matsayin ɗan waje. Maganinsa ka nuna mata hanya da sudo ip route add 10.6.0.0/24 via 192.168.1.1, ka maimaita dokar mataki na 4 da wannan zangon.

Ta biyu, ga wanda ba shi da wata na'ura: shiga kai tsaye. A rauta, tura ƙofa ta 2222 zuwa 192.168.1.10 ƙofa ta 22. Tayar da VPN, sannan ka buɗe makullan nan biyu:

    sudo wg-quick up wg0
    sudo ip rule add from 192.168.1.10 lookup main priority 100
    sudo iptables -I OUTPUT -o eth0 -p tcp --sport 22 -m conntrack --ctstate ESTABLISHED -j ACCEPT

Layi na biyu yana cewa duk ƙunshin da ke ɗauke da adireshin gida a matsayin mai aikawa ya bi babban teburi, inda hanyar rauta take har yanzu. Amsar SSH tana ɗauke da wannan adireshi, tunda shi aka yi wa sallama. Sabbin haɗin da sabar ke farawa da kanta ba su da adireshi tukuna lokacin zaɓen hanya, sai su wuce wannan doka su shiga bututu. Layi na uku ya bar amsar ta fita, ita kaɗai. Lambar 22 za ka rubuta, ba 2222 ba, domin rauta ta riga ta sauya lambar kafin saƙon ya iso.

Akwai wani tarko a nan da ya ci mini yini guda. Shi wg-quick ba ya ba dokokinsa lambar fifiko, sai Linux ya ba su lambar da ke ƙasa da mafi ƙanƙanta da ya tarar, ban da sifili. A na'ura mai tsabta sukan sami 32765 da 32764, taka mai 100 ta riga su. Amma idan taka tana nan kafin VPN ya tashi, nasa za su zama 99 da 98, su sha gabanka, gyaran da ya yi aiki jiya ya ƙi yi yau. Saboda haka dokarka ta zo bayan VPN, ta kuma tafi kafin ya sauka. Umarnin ip rule zai nuna maka jerin, ƙaramar lamba ce ke fara aiki.

Idan OpenVPN ne, yana zuba hanyoyi biyu, 0.0.0.0/1 da 128.0.0.0/1, cikin babban teburin kansa, don haka lookup main zai mayar da kai bututu. Gina teburi daban:

    sudo ip route add 192.168.1.0/24 dev eth0 table 128
    sudo ip route add default via 192.168.1.1 dev eth0 table 128
    sudo ip rule add from 192.168.1.10 table 128 priority 100

Dokar iptables ba ta sauya ba.

7. Idan kana bayan CGNAT

Tunda ba a iya shigowa, sai wani abu daga cikin gida ya fita ya riƙe maka hanya. Mafi sauƙi a saka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka kamar suna gida ɗaya, a kan na'ura ta biyu, a kunna mata miƙa ƙunshi da net.ipv4.ip_forward=1, sannan:

    sudo tailscale up --advertise-routes=192.168.1.10/32

Shiga shafin gudanarwar Tailscale ka amince da hanyar. Idan kwamfutar da kake tafiya da ita Linux ce, ƙara mata --accept-routes. Na'urar tana musanya adireshinka da nata, sabar ta ga ɗan gida. Na rubuta /32 da gangan, adireshi ɗaya tak, don idan ka sauka inda intanet ɗinsu ma 192.168.1.0 ne, zangonka ba zai yi karo da nasu ba. Saka Tailscale a kan sabar mai VPN ɗin kanta yana yiwuwa, amma dokokin hanyoyinsu suna rige-rigen fifiko, ba na ba mai koyo shawarar ya fara da shi.

Idan babu na'ura ta biyu, hayi ƙaramar sabar a intanet ka sa ta gida ta kira ta:

    ssh -N -R 2222:localhost:22 sunanka@adireshin-haya

Ka shiga ta hayar, daga can ka yi ssh -p 2222 sunanka@localhost. Manhajar autossh tana sake ɗaura shi idan ya tsinke. Rauninsa shi ne ta cikin bututun VPN yake bi, ranar da VPN ya faɗi, wato ranar da ka fi buƙatar shiga, shi ma ya faɗi. Haka tura ƙofa daga kamfanin VPN yake, kuma ba kowane ke bayarwa ba: Mullvad ya daina a 2023, AirVPN da Proton VPN suna bayarwa.

8. Mayar da shi na dindindin

Abin da ka rubuta da hannu yana gogewa idan na'ura ta sake tashi. Zuba shi cikin wg0.conf, ƙarƙashin layin makatsin:

    PostUp = iptables -I OUTPUT -o eth0 -d 192.168.1.0/24 -m conntrack --ctstate ESTABLISHED -j ACCEPT
    PostUp = iptables -I OUTPUT -o eth0 -p tcp --sport 22 -m conntrack --ctstate ESTABLISHED -j ACCEPT
    PostUp = ip rule add from 192.168.1.10 lookup main priority 100
    PreDown = ip rule del from 192.168.1.10 lookup main priority 100

Kowane layin iptables ya sami takwaransa na PreDown, inda -D ya maye gurbin -I. Ƙarƙashi na ce, ba sama ba, saboda -I yana ɗora kowace sabuwar doka a kan ta baya. Wadda aka rubuta ƙarshe ita ke zama ta farko. Duba da sudo iptables -L OUTPUT -n --line-numbers, dokokin ACCEPT su kasance sama da REJECT.

Makatsin wg-quick yana nan ne kawai muddin hidimar tana kunne. Tsakanin tashin na'ura da tashin VPN, ko idan ka sauke shi da hannu, babu abin da ke tare komai. Idan wannan ya dame ka, kuma ya kamata, cire layukan iptables ka mayar da aikin ga ufw:

    sudo ufw default deny outgoing
    sudo ufw allow out on wg0
    sudo ufw allow out to 198.51.100.7 port 51820 proto udp
    sudo ufw allow 22/tcp
    sudo ufw enable

Musanya 198.51.100.7 da ƙofar da na kamfanin VPN ɗinka, kuma a layin Endpoint na wg0.conf ka rubuta lamba, ba suna ba, tunda babu damar tambayar suna kafin bututu ya buɗe. Shi ufw yana barin amsoshi su fita da kansa, dokar ip rule kaɗai za ka bari a PostUp.

Abu biyu da mutane ke mantawa. Dokokin iptables ba su shafi IPv6 ba, idan gidanka yana da shi sai ka maimaita makatsin da ip6tables. Sannan bayanan kwantenonin Docker ta sarƙar FORWARD suke bi, ba OUTPUT ba, makatsin nan bai rufe su ba. Idan manhaja ɗaya ce kawai ke buƙatar VPN, ɗaure ta ga kwantena irin Gluetun ya fi dacewa, ka bar sabar ɗin a sake.

9. Gwada, har da faɗuwar VPN

Kashe Wi-Fi na waya, shiga da data. Gwaji daga cikin gida ba ya nuna komai. Idan ka shiga, gudanar da waɗannan a kan sabar:

    curl ifconfig.me
    curl -m 5 --interface 192.168.1.10 https://1.1.1.1

Na farko ya nuna adireshin VPN. Na biyu dole ya ƙi. Shi ke tabbatar da cewa manhajar da ta manne wa adireshin gida ba za ta zille ta ƙofar da ka buɗe wa SSH ba. Idan ya wuce, dokar ACCEPT ɗinka ta yi faɗi da yawa, koma ka tsuke ta.

Yanzu kayar da bututun da gangan:

    sudo ip link set wg0 down
    ping -c 3 1.1.1.1

Ping ya ƙi, tagar SSH ɗinka kuma ta ci gaba da amsawa. Da lamba za ka gwada, domin idan ka sa suna zai iya ƙi don rashin DNS kawai, ka ɗauka makatsi ne ya yi aiki. Buɗe sabuwar taga daga waya ka tabbatar sabon shiga ma yana yiwuwa, sannan ka dawo da shi da sudo wg-quick down wg0 da sudo wg-quick up wg0.

Idan shiga ya ƙi, kada ka yi ta sauya dokoki a makance. Zauna gaban allo ka gudanar da sudo tcpdump -ni any port 22 kana gwadawa daga waya. Ba ka ga komai ba, matsalar tana rauta, ko DDNS, ko CGNAT. Ka ga saƙo ya shigo ta eth0 amsa ta fita ta wg0, dokar hanya ce, duba lambar fifiko. Ka ga ya shigo babu amsa ko kaɗan, katanga ce, ko kuma tacewar rp_filter. Duba ta da sysctl net.ipv4.conf.all.rp_filter, idan 1 ce gwada 2.

Idan duk sun wuce, soke agogon ceto, kunna sudo systemctl enable wg-quick@wg0, sake tayar da na'urar kana tsaye a gabanta, ka maimaita gwajin nan daga farko da datar waya kafin ka cire allo da kibod.